Dutse na Arba'in da Shida

Rwang ɗan Riyom ne, can ƙasar Filato, inda yaro kan iya hawan dutse tun bai iya ɗaura igiyar takalmi ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi a unguwar Jamaica ta Queens, can Amurka, yana loda akwatunan matafiya cikin jirage a filin jirgin sama na JFK, kuma duk tsawon shekarun nan babu abin da ya hau da ya fi matakalar tashar jirgin ƙasa tsawo. Bai taɓa buɗe baki ya ce yana kewar duwatsu ba. Shi kansa bai san kewa ce ba. Ya ɗauka gajiya ce kawai take tsayar da shi bakin taga ran Asabar, yana kallon rufin gidajen maƙwabta har shayinsa ya huce.

Hezekiya ne ya gane ciwon. Mutumin Kagoro ne, nas a wani asibiti a Brooklyn, dogo siriri mai saurin tafiya da saurin magana. Coci ɗaya suke zuwa, wani ɗan zaure da 'yan Arewa suka kama haya a saman shagon katifu. Yaren Rwang daban, na Hezekiya daban, Hausa ce ta haɗa su, kamar yadda take haɗa kowa a tashar Bukur ko kasuwar Kafanchan. Wata Lahadi a shekarar 2011, bayan an tashi sujada, Hezekiya ya ja shi gefe ya nuna masa hoto a waya.

"Ina ne nan, a ganinka?"

Rwang ya duba da kyau. "Kamar wajen duwatsun Shere. Amma itatuwan ba irin namu ba ne."

"Jihar nan ce da kake zaune a cikinta, mutumina. Awa biyar a mota. Adirondack suke ce wa wurin. Manyan duwatsunsu arba'in da shida ne, akwai kuma masu bin su ɗaya bayan ɗaya har su gama, a rubuta sunansu a ba su lamba. Wani likita a wurin aikinmu ya ce bai taɓa cin karo da baƙin mutum a can sama ba. Na ce masa ya saurara."

Bayan mako uku suka hau na farko, wanda ake kira Cascade. Rwang ya je da takalmin aikinsa mai ƙarfe a baki, da ledar ƙuli-ƙuli, da gorar ruwa ɗaya. Sun yi ta haki cikin kurmi har itatuwa suka fara gajarta, daga nan suka ƙare ƙaƙaf, sai falalen dutse tsirara da sararin Allah. Iska ta bugi Rwang a fuska, irin wadda ba ta bi ta kan kwalta ba. Ya zauna daɓas. Hezekiya yana ta lissafa masa sunayen duwatsun da ke kewaye da su daga taswira, shi kuwa idonsa yana kan duwatsun kawai.

A ranar suka kafa dokarsu. Duk wanda ya riga isa kusa da ƙololuwa, zai tsaya taku goma kafin alamar da take nuna saman dutsen ya jira ɗan'uwansa, su ɗora hannu tare. Hezekiya ne ya kawo shawarar, kuma shi dokar ta fi ɗaurewa, tunda kusan kullum shi ne a gaba. Rwang gajere ne kakkaura, tafiyarsa irin ta jakin da ya san nisan gida: ba gaggawa, ba tsayawa. Sau da yawa yakan iso ya tarar da Hezekiya zaune a kan jakarsa, sanyi ya fara kama shi, yana cewa, "Da na haƙura na gina ɗaki a nan."

Shekara bakwai suka yi suna wannan abu. Wata shekara su ci duwatsu takwas, wata huɗu, gwargwadon yadda hutun aiki ya haɗu. Sun nutse cikin taɓo har cinya a hanyar wani dutse mai suna Couchsachraga, wanda har suka gama da shi ba su iya faɗin sunansa daidai ba, suka riƙa kiransa Kucaka. Ƙananan baƙaƙen ƙudajen bazara sun cije su a bayan kunne har jini. A kan Marcy, wanda ya fi duka tsawo, wata yarinya mai gadin wurin ta yi musu faɗa don Rwang ya taka wata 'yar ciyawa da ta ce ta fi kakansa shekaru, suka yi ta dariyar abin har garin Albany a hanyarsu ta komawa gida. A Haystack tsokar ƙafar Hezekiya ta ɗaure, Rwang ya goya jakunkuna biyu, ɗaya a baya ɗaya a ƙirji, ya sauko da shi sannu a hankali har bakin mota. A waɗannan hanyoyi ne Rwang ya faɗa wa Hezekiya abin da bai faɗa wa kowa a Amurka ba: yadda aka ƙone ƙauyen mahaifiyarsa, da yadda ya kasa zuwa jana'izarta saboda takardunsa ba su fito ba tukuna. Hezekiya bai ce masa ya yi haƙuri ba. Ya rage sauri kawai ya jera da shi.

Alisabatu, matar Rwang, wadda take aiki a gidan kula da tsofaffi, takan yi musu tsiya idan tana ɗaure musu dafaffen ƙwai da soyayyen dankali. "Mutane sun gudo daga dutse sun shigo birni, ku kuma kuna ƙona mai kuna koma masa." Amma ita ce ta manna taswirar a jikin firij, kuma 'yarsu Shekinah ce take soke sunan kowane dutse da jan biro idan sun dawo.

Tun da wuri suka yanke cewa Whiteface ne zai zama na ƙarshe. Shi kaɗai ne mota take hawa har kusa da kansa. Su za su bi daji da ƙafa, iyalansu da 'yan coci su biyo titi da abinci, a haɗu a sama. Har waƙar da za su yi sun zaɓa, wata tsohuwar waƙar yabo ta Hausa da kowannensu ya taso yana jin uwarsa tana rerawa a zumuntar mata.

A watan Oktoba na 2017 suka hau Esther, na arba'in da biyar, wanda yake manne da Whiteface kamar ƙanwa da yaya. Da suka dawo mararrabar da hanya ta rabu biyu, ga Whiteface can a gabansu, bai fi tafiyar awa ɗaya da rabi ba, rana tana haska gefensa. Hezekiya ya tsaya yana kallonsa.

"Rwang, ga shi fa. Ƙafafunmu da saura."

"Iyali fa? Alisabatu za ta fasa mini tukunya a ka."

"Na sani. Faɗa kawai na yi."

"Ba inda zai je. Baɗi war haka muna kansa."

Hezekiya ya ƙara kallonsa ɗan lokaci, sannan ya juya ya bi Rwang ƙasa.

A watan Fabrairu, da sassafe, Rwang ya zame a kan ƙanƙara a gindin jirgi, da akwati a hannu. Ya ji gwiwarsa ta dama ta yi ƙara kamar an karya ɗanyen rake. Aka yi masa tiyata a watan Maris. Likitan ya ce zai yi tafiya, zai koma aiki, amma maganar hawan dutse kam a bari a ga abin da hali zai yi.

Hezekiya bai bar shi ba. Sau biyu a mako yakan taso daga Brooklyn bayan aiki, ya hau bene hawa na uku inda Rwang yake zaune, ya naɗe hannun riga ya kama ƙafar yana lanƙwasawa har Rwang ya yi gumi yana kiransa azzalumi. Shi ya kawo masa igiyar roba ta motsa jiki. Shi ya riƙa ƙirga masa matakala. "Ɗaya kuma. Whiteface ba ya karɓar uzuri." Duk ranar da Rwang ya karaya, wannan magana ce take ta da shi. Yakan ce wa Alisabatu, "Ɗan'uwa na jini ma iyakar abin da zai yi ke nan."

Wata Lahadi a farkon Yuli Hezekiya bai zo coci ba. Ran Talata ya zo da tabon cizon ƙwari a wuya da bayan kunne.

"Kai kuma ina ka kai kanka? Wannan ai cizon mutanenmu ne, baƙaƙen ƙudajen duwatsun nan na arewa."

"Wane arewa? 'Yan wurin aiki ne suka ja ni gasa nama bakin tafki a New Jersey. Miƙo ƙafar nan."

Rwang ya miƙa ƙafa, maganar ta wuce.

Ran Asabar ta farko a watan Oktoba na 2018 suka tsayar. Tun ran Juma'a su biyun suka tafi suka kwana a wani ɗan masauki a Wilmington, gari na gindin dutsen. Motar coci za ta taso da asuba da mutum goma sha huɗu da kuloli. Gari ya waye garau, ganyayen itatuwa sun rine ja da ruwan ɗorawa har ido ba ya iya tsayawa wuri ɗaya. Hezekiya ya ɗaure wa Rwang gwiwa tam, Rwang ya ɗauki sanduna biyu, suka shiga daji.

Hawan farko miƙe yake kamar tsani, duk tsakuwa. Kafin awa ɗaya gwiwar ta fara magana. Rwang ya cije. Hezekiya yau bai wuce gaba ba ko sau ɗaya, yana bayansa, shiru fiye da yadda ya saba. Da suka wuce mararrabar Esther suka shiga hanyar da ba su taɓa takawa ba, sai ya riƙa cewa, "Bi ta hagu, dama akwai laka," ko "Daure kaɗan, gaba akwai wurin zama." Rwang ya ce a ransa, mutumin nan ya haddace taswira kamar aya. Ya ji daɗi ma.

Awa biyar da rabi suka yi. Suka bi gindin wata doguwar katangar dutse da ta tallafi titin mota, suka fita daga itatuwa, suka kama gadon dutsen inda iska take neman ɗauke mutum. Daga can sama Rwang ya hango zannuwan zumuntar mata suna kaɗawa a ƙarƙashin manyan rigunan sanyi. Ya ji guɗa. Ya ji muryar Shekinah tana ihu da Turanci, tana kiran babanta. Idonsa ya cika, ya ce wa Hezekiya, "Mun zo, ɗan'uwa. Mun zo."

Saura kamar taku ashirin su kai allon da aka rubuta sunan dutsen, sai wani dattijon Bature mai rigar ma'aikatan wurin ya fito daga gefen ginin duba yanayi. Ya tsaya, ya ƙura wa Hezekiya ido, fuskarsa ta washe.

"Kai ne! Mai waƙa!" ya ce da Turanci, da ƙarfi don iska. "Ai ba zan manta ka ba. Ka dawo ke nan?" Ya juya ga Rwang cikin fara'a. "Abokinka ne? Mutumin nan ya gama arba'in da shidansa a nan a watan Yuli, ina tsaye. Ya durƙusa a wajen allon can ya yi wata waƙa da yarensu, yana kuka. Ni na ɗauke shi hoto. Mata biyu ma da ba su san shi ba sai da suka yi hawaye. Yau kai ya rako?"

Rwang yana jin Turanci sarai, amma sai da maganar ta yi kamar ta zaga dutsen ta dawo kafin ta shige shi. Ya dubi Hezekiya yana jira ya yi dariya ya ce wa dattijon ya yi makuwa, baƙaƙe kan yi wa Turawa kama. Hezekiya bai yi dariya ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon igiyar takalminsa.

Dattijon ya ga fuskokinsu, murmushinsa ya dushe. Ya ce a yi hawa lafiya, ya koma ciki.

"Zo nan," in ji Rwang.

Ya ja shi bayan wani ƙaton dutse inda iska ta lafa kuma mutanensu ba sa ganin su. Ya jingina sandunansa.

"Gasa nama a New Jersey."

"Rwang, bari in yi maka bayani."

"Yi."

Hezekiya ya shafa fuska. "Na ga hoton gwiwarka. Aikina ne, na san abin da na gani. Wallahi ban yi zaton za ka sake hawa ba. Ina lanƙwasa ƙafar nan ina ba ka ƙarfi, amma a raina na riga na cire. Kuma na sami aiki a Houston, ƙarshen Nuwamba za mu tashi. Can babu dutse ko na kaifin wuƙa. Na ce shekara bakwai, saura ɗaya tak, in tafi in bar shi?"

"Houston." Rwang ya maimaita. Wannan ma yanzu ya fara ji. "To da ka zo ka ce mini, Rwang, ƙafarka ta mutu, zan je. Da na ce ka je. Da na sa Alisabatu ta soya maka dankali. Da ma ka sa ni a mota ka bi da ni titi, in zauna a nan in jira ka, ko sau ɗaya a rayuwa ni in riga ka."

"Da ka daina motsa ƙafar. Na san ka. Wannan dutsen ne ya ta da kai."

"Kada ka mai da ƙaryarka magani. Ba don ni ka hau ba."

Hezekiya ya ɗago kai. Da ya sake magana muryarsa ta canza, ta yi ƙasa, ta yi kauri. "To, ba don kai ba ne. Sau arba'in da biyar ina zama taku goma da alama ina jiranka, sanyi yana cina. Ban taɓa ƙorafi da gaske ba. Sau ɗaya na so in isa in taɓa abin da na hau da ƙafata, ba tare da na waiwaya ba. Sau ɗaya. Na yi, kuma tun ranar ban yi barci mai daɗi ba."

"Kai ka kafa dokar."

"Ni na kafa."

"Ka aika wa masu rajistar sunayen takarda?"

Hezekiya ya gyaɗa kai a hankali.

"Da kwanan watan Yuli."

"Ba zan rubuta musu ƙarya ba."

Rwang ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. "Su ba za ka yi musu ƙarya ba." Ya ɗauki sandunansa. "Waƙar fa? Duk waƙoƙin duniya, ita ka ga dama?"

Hawaye ne kawai suka zubo wa Hezekiya. Rwang ya dube su bai ji komai ba sai sanyi. Yau da safe mutumin nan ya ɗaure masa gwiwa da hannunsa, ya riƙe hannunsa suka yi addu'a a bakin daji. Da a ce dattijon yana hutu yau, da yanzu suna can sun ɗora hannu tare a kan allo, suna waƙa, shi yana kuka da gaske, Hezekiya yana maimaita kukan Yuli.

Alisabatu ce ta zagayo dutsen tana riƙe da ɗankwalinta kada iska ta tafi da shi.

"Baban Shekinah, lafiya? Mutane suna jira, gwaten yana hucewa. Ƙafar ce?"

Ta dubi mijinta, ta dubi Hezekiya, sai ta sa hannu a baki. Ba ta tambayi abin da ya faru ba. Wannan rashin tambayar ne ya sanar da Rwang sauran labarin.

"Ke ma kin sani."

"Matarsa ce ta faɗa mini a watan Agusta," ta ce da ƙaramar murya. "Abin ya dame ta. Na yi niyyar faɗa maka, sai na gan ka kana hawa matakala sau ashirin kana sauka, kana gumi kana murna. Na kasa."

"Su wa kuma?"

Ta kau da kai.

"Alisabatu, su wa kuma?"

"Baba Pasto. Shi ya ce a bari a wuce yau tukuna."

Rwang ya leƙa ta gefen dutsen. Ga su can, mutum goma sha huɗu da suka taso tun asuba daga Queens, sun shimfiɗa tabarma, sun danne ta da kuloli, wasu matasa suna riƙe da kwali mai sunayensu biyu. Ya rasa wanda ya sani da wanda bai sani ba, kowace fuska ya kalla sai ya ga kamar tausayinsa take ji. Wata uku ana lallaɓa shi kamar majinyacin da aka ɓoye wa sakamakon gwaji.

Ya yi tunanin juyawa ya sauka yadda ya hau. Gwiwar ba za ta kai shi ba, ya sani. Kuma ga Shekinah ta taho da gudu da jan bironta a hannu, ita kam da gani ba ta san komai ba.

"Tsaya nan," ya ce wa Hezekiya. "Kada ka biyo ni."

Ya fita shi kaɗai. Mata suka sake rangaɗa guɗa, sannan guɗar ta yi ta raguwa da suka ga mutum ɗaya ne. Ya ɗingisa har wajen allon ya ɗora tafinsa. Katakon da sanyi. A ƙasa can ga tafkin Placid kwance da tsibiransa, ga duwatsun da ya hau jere a kudu har inda ido ya ƙare, ya san kowannensu da suna da irin wahalarsa. Bai taɓa ganin wuri mai kyau haka ba, kuma ya tsaya yana jira ya ji wani abu, bai ji ba. Wata tsohuwa ta ɗauko waƙar, biyu suka amsa, da suka ga bakinsa a rufe sai suka bari ta mutu. Ya rungumi 'yarsa. Aka zuba masa gwaten acca ya ci cokali uku saboda matan da suka tashi dafa shi. Da za a sauka ya shiga motar coci ya zauna a kujerar baya. Hezekiya ya bi daji shi kaɗai ya koma inda suka bar motarsa.

Alisabatu ya fara yafe wa, ko da yake sai da aka yi kwana tara ba ya ce mata komai sai abin da ya zama dole. Ran na goma tana guga ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Da na faɗa maka, da ka tashi daga kujerar nan?" Ya ce bai sani ba, amma da shi ne zai zaɓa. Ta ajiye dutsen guga ta ce gaskiyarsa ne. Pasto ya zo gida ya yi doguwar magana a kan haƙuri da zumunci, Rwang ya saurara, ya ba shi lemo, ya raka shi bakin matakala. Bai daina zuwa coci ba, sai dai ya koma zama a layin ƙarshe.

Hezekiya ya kira sau da yawa bai ɗauka ba. Ya turo saƙo cewa zai rubuta wa masu rajistar su soke takardarsa. Rwang ya amsa da kalma biyar: "Bar ta, ai ka hau."

Ran Asabar ta ƙarshe a Nuwamba mazan coci suka je Brooklyn taya Hezekiya loda kaya. Rwang ya je, don rashin zuwansa zai zama abin magana, kuma duk cikinsu babu wanda ya iya shirya kaya a mota kamarsa. Ya hau cikin babbar motar ya riƙa karɓar kwalaye yana jerawa, masu nauyi a ƙasa, masu fashewa a lungu, ya ɗaure katifu da igiya yadda ko a birki ba za su motsa ba. Ana yayyafi. Da aka ja ƙofar aka kulle, sauran suka ja baya da gangan suka bar su biyu a bakin titi.

"Rwang, ka yafe mini."

Rwang ya san amsar da ake bukata, tun yana yaro aka koya masa ita. "Na yafe," ya ce. Yana faɗa ya ji ba gaskiya ba ne tukuna, kuma ya ga Hezekiya ma ya ji.

Hezekiya ya buɗe hannu zai rungume shi. Rwang ya miƙa masa hannu ɗaya suka gaisa.

"A Virginia ka tsaya ka duba igiyar katifun," ya ce. "Sabuwa ce, takan saki."

Motar ta tashi, matar Hezekiya tana ɗaga hannu ta taga tana kuka. Wani ɗan coci ya ce zai rage masa hanya zuwa Queens, Rwang ya ce a'a, ya gode. Ya ja hular rigarsa ya rufe kai, ya taka zuwa tashar jirgin ƙasa a hankali, don gwiwar ba ta son danshi.